Bidiyo A Layin Ganin Likita: Yadda Allo Da Waya Ke Tura Mutane Zuwa Rigakafi

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin unguwa ya san yadda ranar take tafiya. A yanki kati da safe, a zauna a benci, a yi ta jira har rana ta take, sannan a kira suna. Ganin likitan ko malamin asibitin kuwa, kafin mutum ya gama gyara zama an rubuta masa magani an kira na gaba. Ba a Najeriya ko Nijar kaɗai ake haka ba. Wani nazari da mujallar BMJ Open ta buga a 2017 ya tattara bayanai daga ƙasashe 67 kan tsawon lokacin da likitan matakin farko ke ɗauka da mara lafiya guda. A Bangladesh daƙiƙa 48 ne, a Suwidin minti 22 da rabi. A ƙasashe 18, waɗanda kusan rabin mutanen duniya ke zaune a cikinsu, minti biyar ne ko ƙasa da haka.

Minti biyar ba ya isa a yi maganar rigakafi. Wanda zazzaɓi ya kawo shi, zazzaɓin za a duba. Babu sararin da za a tambaye shi yaushe rabon da ya auna jininsa, ko an yi wa 'yarsa allurar sankarar bakin mahaifa, ko jaririn gidansu ya kammala allurai. Ko an samu an faɗa ma, ba duka ke zama a kai ba: wata maƙala ta 2003 da likitoci ke yawan kafa hujja da ita ta ce marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin da aka yi musu kusan nan take.

A nan ne masu harkar fasahar lafiya suka hango wata dama. Awa biyu ko uku na zaman benci lokaci ne da babu mai amfani da shi, kuma mutumin da ke zaune ɗin hankalinsa yana kan lafiya fiye da kowace rana. Me zai hana a sa masa gajeren bidiyo?

Hanyoyi uku da ake bi

Mafi sauƙi ita ce talabijin a bangon wurin jira, a zura masa filashi mai ɗauke da bidiyoyi, a saita shi ya riƙa maimaitawa. Kowa na gani, babu wanda aka tilasta wa. Ta biyu ita ce a miƙa wa mara lafiya ƙaramar kwamfutar hannu irin su iPad da abin sa wa a kunne, ya amsa 'yan tambayoyi kamar shekarunsa da jinsinsa, manhajar ta zaɓo masa bidiyon da ya shafe shi. Ta uku, wadda ta fi dacewa da inda kowa ke riƙe da wayarsa, ita ce a tura wa mutum bidiyon kai tsaye: ta lambar QR da aka manna a bango, ta WhatsApp, ko daga wayar ma'aikacin lafiya zuwa tasa ba tare da intanet ba.

Kowace da aibunta. Talabijin na bango bai san wa ke kallonsa ba, sai ya nuna wa dattijo ɗan shekara 60 yadda ake shayar da jariri. Kwamfutar hannu tana da tsada, tana son caji, tana son mai gadi. Wayar mutum kuma tana son sarari, kuma ba kowace uwa da ke layin awo ke da babbar waya ba.

Abin da aka gwada aka gani

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko kallon yana sa mutum ya tashi ya yi wani abu. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a Amurka sun ba da amsa mai amfani.

Na farko an buga sakamakonsa a 2008 a mujallar PLoS Medicine. An shirya wani bidiyo mai tsawon minti 23 mai suna Safe in the City, gajerun wasannin kwaikwayo ne kan kare kai daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Aka riƙa kunna shi a wuraren jira na asibitocin irin waɗannan cututtuka a biranen Denver da Long Beach da San Francisco, a kunna na makonni huɗu, a kashe na makonni huɗu. Daga baya aka bi bayanan mutum sama da 38,000. Cikin waɗanda suka zo a makonnin da babu bidiyo, kashi 5.7 cikin 100 aka sake samu da sabuwar cuta. Cikin waɗanda suka zo ana kunnawa, kashi 4.9. Bambancin ƙarami ne, amma kuma talabijin ne kawai a bango, ba a ɗauki sabon ma'aikaci ko ɗaya ba.

Na biyun ya fi shi armashi. A 2018 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga gwajin da masu bincike na jami'ar Wake Forest a jihar North Carolina suka yi da mutum 450 masu shekara 50 zuwa 74, waɗanda lokacin gwajin sankarar hanjinsu ya yi amma ba su yi ba. Kafin su shiga wurin likita, an ba rabinsu iPad mai wata manhaja da ake kira mPATH. Manhajar tana nuna musu bidiyo kan gwajin, daga nan ta ba su damar su danna su nemi gwajin da kansu a nan take, sannan bayan sun koma gida ta riƙa aika musu saƙonnin tuni. A rukunin da ya samu manhajar, kashi 30 cikin 100 sun yi gwajin. A ɗaya rukunin, kashi 15.

Ninki biyu ke nan. Sai dai a lura da abin da ya kawo ninkin. Bidiyon bai ƙare da "ka tuntuɓi likitanka" ba, ya ƙare da maɓallin da ake dannawa, kuma wani abu ya biyo mutum har gida yana tuna masa. Kuma duk da wannan ɗawainiya, mutum bakwai cikin goma ba su yi gwajin ba. Wanda ya zo da wata manhaja yana cewa za ta magance matsalar rigakafi a jiha guda, ya kamata a karanta masa wannan lissafi.

Darasin da ke cikin gwajin na 2018 shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Bidiyo ya ƙware wajen ƙara wa mutum sani, wannan ba abin musu ba ne, gani ya kori ji. Amma tsakanin sani da aikatawa akwai tazara, kuma bidiyon da ke rufe ta shi ne wanda abin da yake kira a yi yana nan a ɗaki na gaba, yau, ba sai an dawo ba. A nuna wa mutum illar hawan jini a asibitin da na'urar awon jininsa ta lalace, an dai tayar masa da hankali ne kawai. A nuna wa uwa muhimmancin allurar ƙyanda ranar da firjin allurai babu komai, gobe ko an kira ta ba lallai ta zo ba.

Maraɗi, da batun fuskar da aka sani

Nuna wa jama'a hoto mai motsi don kiwon lafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa motocin majigi ke zagaya garuruwa da dare suna haska finafinan tsafta da noma, har kalmar ta zauna a harshe. Abin da ya canja shi ne girman na'urar da kuma wanda ke cikin hoton.

A 2015 shirin abinci mai gina jiki na SPRING, tare da ƙungiyar Digital Green wadda ta faro aikinta da manoman Indiya, sun gwada wata dabara a ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar. Maimakon a kawo fim daga waje a fassara, sai aka ɗauki bidiyon a ƙauyukan, da Hausa, mutanen yankin ne kuma ke fitowa a ciki suna nuna wanke hannu da yadda ake ciyar da ƙananan yara. Ana haskawa da ɗan ƙaramin majigi mai batir wanda bai fi tafin hannu ba, a gaban rukunin mata ko na maza, da wani mai jagora da ke tsayar da bidiyon ya yi tambaya, a tattauna, sannan a ci gaba.

Abu biyu ne a nan da asibitin unguwa zai iya ɗauka. Na ɗaya, matar da ta ga mace irinta, da zani irin nata, a tsakar gida irin nata, tana dama kunun da ita ma take damawa, ba ta da hujjar cewa wannan na masu kuɗi ne. Bidiyon da ya nuna firji cike da 'ya'yan itatuwan da ba a sayarwa a kasuwar garin, an kalle shi ne kamar fim ɗin Indiya. Na biyu, maɓallin tsayarwa. A yawancin asibitocin matakin farko dama akwai al'adar nas ko ungozoma ta tsaya gaban mata ranar awon ciki ko ranar allura ta yi musu faɗakarwa. Bidiyo ba korar ta zai yi ba. Zai ɗauke mata maimaita magana ɗaya sau ɗari, ya nuna abin da baki ba ya iya nunawa, kamar yadda haƙarƙarin yaro ke lotsawa idan ciwon huhu ya kama shi, ita kuma ta amsa tambayoyi.

Inda ba a iya ɗaukar sabon bidiyo, akwai wata dabarar. Shirin SAWBO, wanda aka faro a jami'ar Illinois, yana yin zanen katun ne kan noma da lafiya, sannan a ɗora murya a kai. Tunda bakin katun ba ya buƙatar ya dace da kalma, hoto ɗaya na iya ɗaukar harsuna da yawa, kuma Hausa na cikin waɗanda aka ɗora. Ƙungiyar Global Health Media Project da ke jihar Vermont ita kuma tana da bidiyoyin kula da jarirai da shayarwa da ake saukewa kyauta. Murya ita ce komai a nan. Rubutun fassara a ƙasan allo ba ya amfanar wanda ba ya karanta boko, kuma ko mai karantawa ba zai hango shi daga benci na biyar ba.

Lissafin megabayit

Ga ɓangaren da mai karatu ya fi kowa sani. Bidiyon minti uku a ingancin 360p, idan aka matse shi zuwa kilobit 500 a daƙiƙa, yana kamawa kusan megabayit 11. Shi wannan bidiyon a 1080p zai iya haura megabayit 100. A allon waya mai inci shida, bambancin bai kai a kashe data a kansa ba, kuma wayar da saura kaɗan ta cika ba za ta karɓi na biyun ba. Wanda zai shirya wa asibiti bidiyo ya fitar da shi kashi biyu: babba don talabijin, ƙarami don waya, duka a tsarin MP4 wanda kusan kowace na'ura ke buɗewa.

Rabawa kuma ba ta buƙatar intanet. Xender da Bluetooth da Quick Share na wayoyin Android, wanda Google da Samsung suka haɗe a 2024 ya maye gurbin Nearby Share, duk suna tura fayil daga waya zuwa waya kyauta. Hanyar da finafinan Kannywood da waƙoƙi ke bi su isa ƙauye, ta hannun masu tura fim a waya da katin memori, ita ce dai hanyar da bidiyon rigakafi zai bi. Lambar QR tana da kyan gani a bango, amma idan tana kai mutum YouTube ne, to sai mai data, kuma sai inda sabis ke da ƙarfi.

Wuta ita ce babbar matsalar talabijin na bango. Na LED mai inci 32 galibi bai wuce wat 50 ba, don haka ƙaramin sola da batir na iya riƙe shi, amma a asibitin da ke da sola ɗaya, firjin allurai ne ke gaba, kuma haka ya kamata. Sai sauti. Wurin jira na ranar allura, da kukan jarirai da hirar iyaye, ya fi ƙarfin lasifikar talabijin. Bidiyon da ba a gane shi sai an ji kowace kalma ya faɗi tun kafin a kunna.

Tsawo ma haka. Mutum na jira ne kunnensa na wurin mai kiran suna. Saƙo ɗaya a bidiyo ɗaya, minti biyu zuwa uku, ya fi lacca ta rabin awa da ta haɗo komai da komai.

Me ya cancanci a nuna?

Idan aka bi ƙa'idar ɗaki na gaba, jerin ba shi da tsawo. Awon hawan jini na sahun farko, domin minti biyu ne, ba a huda fata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Cuta ce da ba ta sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce ke fara sanar da ita.

Sai alluran yara. Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, cuta ce da allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 ke karewa. Uwa da yawa kan kawo yaro a yi ta farko, ya yi zazzaɓi da dare, ta ce ba za ta koma ba. Bidiyon da ya gaya mata tun kafin a yi cewa ɗan zazzaɓin na iya zuwa, ga abin da za ta yi, ga kuma ranar dawowa, ya fi wanda ke ta yabon rigakafi amfani nesa ba kusa ba. Haka allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa: wurin faɗarta shi ne layin awon ciki, tun kafin a haihu.

Akwai kuma sababbi da mutane ba su gama sani ba. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da allurar HPV, mai kare sankarar bakin mahaifa, cikin jerin alluranta, sau ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. A Disamban 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sabuwar allura kuwa ita ce abincin jita-jita.

Ɗaya allon

Wayar da ke iya ɗaukar bidiyon asibiti ita ce ke ɗauke da kishiyarsa. A 2003, lokacin da jita-jita ta sa aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin arewa, Kano ba ta dawo da ita ba sai a 2004, kuma a wancan lokacin babu WhatsApp babu TikTok. Yanzu mai farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya zai iya yin magana ta minti ɗaya ta isa waya dubbai kafin la'asar, ko likita ne ko ba likita ba. Da ƙirƙirarriyar basira ma ana iya ɗora wa fuskar likitan gaske maganar da bai taɓa faɗa ba.

Akwai alamomin da ke taimakawa. Bidiyon rigakafi na gaskiya yana faɗin wanda ya shirya shi, ko ma'aikatar lafiya, ko hukumar lafiya matakin farko ta NPHCDA, ko hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, ko UNICEF, kuma ana iya zuwa shafinsu a same shi a can. Tambari kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya manna shi. Na gaskiya yana tura mutum asibiti. Wanda ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba talla ce. Haka duk wanda ya ce magani ɗaya na warkar da suga da hawan jini da ciwon hanta a tare, ko ya ce a daina shan abin da likita ya rubuta. A WhatsApp, saƙon da ya bi hannaye da yawa yana zuwa da alamar kibiya biyu, kuma tun 2020 ba a iya tura irinsa sai ga mutum ɗaya ko zaure ɗaya a lokaci guda. Alamar ba ta ce ƙarya ba ne, ta dai ce ba a san mafarinsa ba.

Wannan ne ma ya sa bidiyon da aka karɓa a asibiti, daga hannun ma'aikaciyar da aka sani, yake da wani nauyi da na zauren WhatsApp ba shi da shi. Akwai wanda za a koma a tambaya.

Inda matashi ya shigo

A gidaje da yawa, saurayi ko budurwar da ke riƙe da babbar waya su ne ke raka Mama awon suga, ko su kai matar yaya allurar jariri. Wanda ya samu kansa a wannan layi yana iya tambayar nas ko suna da bidiyo a waya, ya karɓa, ya kai gida. Amfanin hakan ya wuce wanda ya je asibitin, domin sau da yawa mai yanke hukuncin a yi wa yarinya allura ko kar a yi bai je ba. Maigida ne, ko kaka. Bidiyon minti uku da aka kalla tare bayan sallar isha'i ya kai saƙon inda faɗakarwar nas ba ta isa.

Kallon kuma ya kamata ya haifar da tambaya. Wanda ya ga bidiyon hawan jini a benci, ya shiga ya ce wa malamin asibiti "don Allah a auna ni", ya yi abin da maɓallin nan na mPATH ya yi, da bakinsa. A rubuta lambobin da aka samu a waya tare da kwanan wata, a saita ƙararrawar ranar dawowa allura a kalandar waya, a ɗauki hoton katin rigakafin yaro saboda ranar da zai ɓata.

A kula da sirri. Waya ɗaya kan zaga hannun mutum biyar a gida, kuma bidiyo kan tazarar haihuwa ko gwajin HIV da aka tura wa mace ba tare da an tambaye ta ba zai iya jawo mata fitinar da ba ta nema ba. Ma'aikacin lafiya ya tambaya kafin ya tura, mai karɓa kuma ya san cewa WhatsApp na ajiye bidiyo a ma'ajiyar hotuna kai tsaye sai an kashe wannan saitin.

Sai kwanan wata, wanda masu shirya bidiyo ke yawan mantawa. Shawarwarin lafiya suna canjawa, fayil kuwa ba ya canjawa. Shekaru da dama ana gaya wa masu ciki su je awo aƙalla sau huɗu, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau takwas. Allurar ƙyanda da iyaye suka sani a wata na 9, yanzu akwai ta biyu a wata na 15. Bidiyon da aka ɗauka kafin waɗannan canje-canje yana nan a katin memorin wani, da kyan hotonsa da tambarinsa, ana ta tura shi. Kafin a tura wa wani, a duba farko ko ƙarshensa a ga shekarar da aka yi shi. Idan babu shekara, a nuna wa nas ta kalla tukuna.